Tsakuwa ko yashi? Zaɓen bakin teku a Antaliya

Wanda ya sauka a Antaliya, birnin shaƙatawa na kudancin Turkiyya da ke gaɓar Bahar Rum, zai tarar da bakin teku biyu sun sa garin a tsakiya: Konyaalti ta yamma, Lara ta gabas. A hoto duk ruwa ne shuɗi fes, amma tafin ƙafa ya san bambancinsu.

Konyaalti tsakuwa ce, tsawonta ya kai kilomita 7, duwatsun Beydaglari kuma na tsaye ta yammacinta. Da yake babu yashin da igiyar ruwa za ta dama, ruwan garau yake, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka. Shiga kyauta ne, sai dai in ka ɗauki hayar laima da gadon kishingiɗa. Aibinta biyu. Tsakuwar tana ɗaukar zafi da rana har ta gagari takawa, don haka sai da takalmin roba. Na biyun ya fi muhimmanci: taku kaɗan ka yi, ƙasa ta kuɓuce maka. Wanda bai iya iyo ba, ko mai ƙananan yara, kada ya yi wasa da wannan.

Mai yara Lara ta fi masa. Yashi ne, zurfin kuma a hankali yake zuwa. Sai dai manyan otal-otal na yankin Kundu sun mamaye wani sashe na gaɓar, saboda haka in ba a cikinsu ka sauka ba, ka nufi ɓangaren da aka ware wa jama'a. Ruwan ba ya kai na Konyaalti haske. A hanya akwai inda kogin Duden ke zubowa cikin teku daga kan dutse mai tsayin kusan mita 40. Tsayawar rabin awa ba asara ba ce.

Akwai kuma abin da yawancin masu tallan yawon buɗe ido ba sa ambatawa, alhali shi ne tambayar farko ta magidanci da ya zo da iyali: ina uwargida za ta shiga ruwa hankalinta kwance? A Sarisu, can ƙarshen Konyaalti wajen tashar jiragen ruwa, hukumar birnin ta buɗe bakin teku na mata zalla a 2014. An kange shi, ma'aikatansa mata ne, kuma lokacin zafi yake aiki. A sauran wuraren maza da mata a cakuɗe suke, da irin shigar da Turawa ke yi. Kayan iyo masu rufe jiki ana sayar da su a shagunan gari, kuma matan Turkawa da dama da su suke shiga ruwa, ba baƙon abu ba ne.

In da kwana guda na fita bayan gari, ni Faselis zan zaɓa. Tana bayan garin Kemer, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Antaliya. Kufai ne na tsohon birni mai tashoshin jiragen ruwa uku, yanzu sun zama wuraren iyo masu kwanciyar ruwa, ga inuwar itatuwa har bakin gaɓa. Ana biyan kuɗin shiga. Gaba da ita akwai Cirali, inda kunkurun teku ke fitowa su binne ƙwai a yashi, shi ya sa aka taƙaita gine-gine a wurin. A dutsen da ke samanta, Yanartash, wuta ce ke ci daga cikin tsagar duwatsu tun zamanin da, saboda iskar gas da ke fitowa daga ƙasa. A je da magariba.

Kaputash kuwa, wadda hotonta ya cika Instagram, ba ta kwana ɗaya ba ce. Bakin teku ne tsakanin garuruwan Kash da Kalkan, fiye da awa uku a mota daga Antaliya, sannan ka sauka matakala sama da 180 ka tarar da ɗan wuri cike maƙil. Ba na dattijo mai ciwon gwiwa ba ne.

Batun lokaci: Yuli da Agusta akwai zafi mai gumi, ga cunkoso da tsadar masauki. Daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba ruwan na nan da ɗuminsa, mutane kuma sun ragu.