Allon taɓawa ko rakoda: wanne ke riƙe matasa a gidan tarihi?

Malama, kin tambaya wanne ya kamata ku saya don riƙe matasa a gidan tarihi. Tunda ɗaya kawai kuɗinku zai iya saye, allon taɓawa (wanda ake latsawa da yatsa kamar fuskar waya) ko rakodar ɗaukar murya, ki sayi rakoda. Duka biyun mun saya a gidan tarihin da nake aiki.

Da rakoda huɗu muka fara. Muka ce wa yara 'yan shekara 14 zuwa 17 kowa ya kawo wani abu daga gidansu, ya kuma ɗauko muryar wanda ya san labarin abin. Akwai wata yarinya mai shiru-shiru, kullum tana raɓe a baya. Sai ga ta da wani tsohon makulli na gidan da kakarta ta baro lokacin da suka yi ƙaura. Ta yi hirar minti 40 da tsohuwar, ita ta zaɓi minti 3 da masu ziyara za su saurara, ita ta rubuta bayanin da aka liƙa a jikin gilashin, da sunanta a ƙasa. Ranar buɗewa na gan ta tsaye tana yi wa manya bayani, har tana gyara wa mahaifinta zance. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. A waɗannan shekarun abin da ke cin ran yaro shi ne sanin ko shi wane ne da inda ya fito, kuma amsar ta fi zama a zuciyarsa in shi ya tono ta da kansa.

Ba mu muka fara wannan ba. Gidan adana kayan fasaha na Whitney da ke New York yana da shirin matasa mai suna Youth Insights tun 1997. Ƙungiyar StoryCorps ta Amurka kuma tun 2003 take ɗaukar hirar mutane da 'yan uwansu, ana adanawa a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka.

Allon kuwa yana da kyan gani ranar da manyan baƙi suka zo. Mako biyu yara suka yi suna latsa shi suka watsar, don wayar aljihunsu ta fi shi komai.

In za ki sayi rakoda, ki yi hattara da masu sayar da katin memorin da ake sa mata. Akwai na jabu da zai nuna miki GB 128 alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Da zarar ya cika, abin da aka ƙara ɗauka sai ya lalace, kuma ba za ki sani ba sai kin zo buɗewa. Mun taɓa rasa hirar wani dattijo a haka, kafin a sake komawa ya rasu. Ki gwada kowane kati da manhajar H2testw, mai nuna ainihin girman kati, kafin ki ba yara. Hirar awa ɗaya a tsarin ajiye sauti na WAV tana cin kusan MB 600, don haka GB 32 na gaskiya ya ishe ki. Ki haɗa da belin kunne, sannan duk wanda za a ɗauki muryarsa ya sa hannu a takardar amincewa tukuna.