Tafiya biyu a jere a jirgin ruwan shaƙatawa: komawa tasha ɗaya ko sauka a wata

A Amurka akwai dokar jigilar fasinja ta 1886 da ta hana jirgin da ke da rajistar wata ƙasa ɗaukar mutum daga wata tashar Amurka ya sauke shi a wata. Hukumar kwastan kuwa tana kallon tikiti biyu a jirgi ɗaya a matsayin tafiya guda.

Wanda ya tashi daga Miami ya dawo Miami sau biyu ba shi da matsala, muddin jirgin ya tsaya a wata ƙasa. Ranar da tafiya ta farko ta ƙare ta biyu ta fara, sai ya bi ta kwastan, ya karɓi sabon katin ɗaki.

Sauka a wata tasha ita ce mai tarko. Los Angeles zuwa Vancouver ta Kanada, sannan Vancouver zuwa Seward a Alaska: kowane tikiti daidai yake, haɗa su ne ya saɓa doka, domin fasinja ya hau a wata tashar Amurka ya sauka a wata, kuma tsayawa a maƙwabciyar ƙasa kamar Kanada ko Meziko ba ya wadatarwa. Sai jirgin ya taɓa tasha mai nisa, kamar Aruba ko Cartagena ta Kolombiya. In ba haka ba, kamfani zai soke tikitin, ko tarar ɗaruruwan daloli ta faɗo kan fasinja. Mafita ita ce canza jirgi a Vancouver.