Sony ko Nintendo: wa ya fi zama cikin haɗari?

Ƙanena, ka ce kana son buɗe ɗakin wasan bidiyo a Yamai, amma tashin farashin PS5, wato na'urar wasa ta PlayStation 5 da kamfanin Sony ke yi, ya sa kana tsoron kada Sony ya durƙushe jarinka ya bi ruwa, har ka fara tunanin Nintendo. To, kowannensu da irin nasa ciwon.

Sony ba a jikin na'ura yake cin riba ba. PS3 da ya fitar a 2006, faɗuwa ya daɗe yana yi a kanta, don kuɗin ƙera ta sun fi abin da mai saye ke biya. Burinsa na'urar ta shiga gida tukuna, daga nan ya riƙa cin kashi 30 cikin 100 na wasannin da wasu kamfanoni ke sayarwa a shagonsa na intanet, ga kuma kuɗin PlayStation Plus, wato rajistar da ake biya don yin wasa ta intanet. Inda gizo ke saƙar shi ne kayan ciki ba nasa ba ne: AMD ke tsara ƙwaƙwalwar PS5, TSMC na Taiwan ke ƙera ta. Da kaya sun yi tsada sai a ɗora wa mai saye. PS5 ta fito a 2020 a kan Yuro 500, a 2022 ta koma 550, wato wajen jaka 360 na sefa tun ba a yi maganar sufuri da duwan ba. Da can na'ura in ta kwana biyu farashinta sauka yake yi, wannan kuwa hawa ta yi, kuma abin yana damuna saboda irinku masu ƙaramin jari.

Amma durƙushewa? Da wuya. Sony na da kamfanin fim, da na waƙa, da sana'ar idon kyamarar waya.

Nintendo shi ne ba shi da wata madogara sai wasa. Na'urarsa Wii U ta 2012 ba ta kai miliyan 14 ba a kasuwa, kamfanin ya jera shekaru uku yana faɗuwa a cinikinsa, har shugabansa Satoru Iwata ya rage rabin albashinsa. Switch ta 2017 ce ta farfaɗo da shi, ta haura miliyan 150. Na'ura ɗaya in ta ƙi karɓuwa gidan duka ke girgiza. Hakan ce ta fitar da kamfanin Sega daga ƙera na'ura a 2001 bayan na'urarsa Dreamcast ta ƙi karɓuwa.

A ganina ka tsaya kan PlayStation. Yaran unguwa ƙwallo suke zuwa bugawa, kuma hannunsu da manet ɗin Sony, wato abin sarrafa wasan, ya saba. Sai dai ka sayi mai cin faifai, don faifai kana iya sayar da shi ko ka musanya, wasan da ka sauke ta intanet kuwa yana maƙale da asusunka. In jarin bai kai ba, PS4 biyu na hannu sun fi maka PS5 ɗaya, ka ware wani abu na manet da gyara, ka kuma tanadi batir saboda ɗaukewar wuta a watannin zafi.