Kwaikwayon aikin gwani ko zana hoton waya?

Wani ɗan'uwanmu daga Tudun Wada ya tambaya: mai koyon zanen fuska da fenti, da kwaikwayon aikin tsofaffin gwanaye ya kamata ya fara, ko da hotunan waya da masu ba da aiki ke turo masa?

Ƙanena, hoton waya kamanni yake koya maka. Za ka iya auna tazarar ido da hanci har a ce wane ne sak, kuma da shi ake cin abinci, don mai son hoton aurensa kamannin yake nema. Sai dai kyamara ba ta zaɓe. Kowane gashi ta kwaso, inuwa ta mayar da ita baƙi ƙirin. Shi ya sa ɗalibi ke zuba baƙin fenti ƙarƙashin haɓa, fuskar ta mutu.

Aikin gwani kuwa an riga an yi zaɓen, kai kana bin sawu ne: ina ya kaurara fenti, ina ya bar gefen kunci ya narke cikin duhu, me ya ƙi zanawa. Aina Onabolu, mai zane ɗan Najeriya, da kwaikwayon hotunan mujallu da littattafai ya koya wa kansa, kafin ya tafi Landan karatu a 1920. Sargent ma, mai zane Ba'amurke, ya je Madrid a 1879 ya kwaikwayi Velázquez, tsohon gwanin zane na Sifaniya.

Amma ka kula da wanda za ka kwaikwaya. Yawancin gwanayen Turai farar fata suka zana, mu kuma ba ita za a kawo mana ba. Nemi hoton Juan de Pareja, mutum mai duhun fata, da Velázquez ya zana a 1650, yana gidan tarihi na Metropolitan a New York, akwai shi a intanet. Dubi yadda ja ke ɓoye cikin ruwan ƙasan fatarsa, da yadda farar kwalar ke haska fuskar. Na fi sati uku a kan goshin nan kaɗai.

Matsalarmu a Kaduna, a waya muke ganin ayyukan gwanayen, ba ma ganin kaurin fenti, launi kuma kowace waya da nata. Ka buga hoton babba a takarda mai kyau.

Ni dai da gwani zan ce ka fara, ka zana kan mutumin kawai, ban da tufafi. In ka yi uku, zaunar da ƙaninka bakin taga ka zana shi ido da ido. Fentin mai ba ya bushewa da wuri, ka rufe shi saboda ƙurar hunturu. Ka kuma rubuta a bayan allon cewa kwaikwayo ne, da sunan mai aikin.