Tiren sama ko gilashi: ina za a sa tsofaffin takardun fayil?

Malam, barka da aiki. Ka ce an ba ka tsofaffin fayil-fayil na ma'aikatan makarantarku a mayar da su PDF, kuma injin ofishinku mai ɗaukar hoton takarda, wato sikana, yana da hanya biyu: tiren sama mai jan takarda da kansa, wanda masu gyara ke ce wa ADF, da gilashin da ke ƙarƙashin murfi. Wanne za ka bi? Duka biyun za ka bi, amma sai ka zauna ka tantance takardun tukuna, don abin da ke cikin fayil ɗaya ba iri ɗaya ba ne.

A gilashi takarda kwance take, fitilar ce ke tafiya a ƙarƙashinta. A tire kuwa fitilar tana tsaye, takardar ce ke tafiya: tayoyin roba su fizge ta, su lanƙwasa ta, ta goga kan wani siririn gilashi, ta fito. Daga nan duk sauran bambancin ya samo asali.

Wajen sauri ba a haɗa su. Ƙananan injinan ofis tirensu yakan ɗauki takarda kamar 50 a zubi ɗaya, manyan na Canon ko Ricoh su ɗauki 100 ko fiye, wasu ma su karanta gaba da baya. Sai dai an ƙera tiren ne don takarda irin A4 mai giram 80, lafiyayya, miƙaƙƙiya. Lokacin da saurin tiren ya rage maka, a wurin shiri za ka biya wani kasonsa. Duk fil ɗin sitefula da kilif da igiyar fayil sai sun fita. Fil ɗin da ya yi tsatsa kada ka fizge shi, ka buɗe ƙafafunsa ta baya sannan ka zare, in ba haka ba ya tafi da kusurwar takardar. Wanda ka manta da shi kuwa yana iya karce siririn gilashin nan, karcen da ba ya goguwa.

Abin da na fi tsoro a tire ba cushewa ba ne, don cushewa kana gani. Jan takarda biyu a tare shi ne mugun, domin yawancin injinan ofis ba sa faɗa maka. Shafi ya ɓace shiru, sai ranar da aka zo neman takardar ƙarin girman wani a ga babu. Ramin da fil ya bari yakan sarƙe takardu da juna, danshin damina ya manna su, bushewar hunturu ma ta sa su riƙa kama juna. Don haka bayan cire fil ka raba su ɗaya-ɗaya, ka kaɗa su kamar mai ƙirga kuɗi, ka daidaita bakinsu a kan tebur, ka matso da 'yan madogaran gefen tire su taɓa takardar ba tare da sun matse ta ba. Ka ƙirga shafuka kafin zubi, ka duba adadin da PDF ya nuna. Kada ka cika tire har baki.

Ƙura ma ba ɗaya take yi wa tire da gilashi ba. Ƙwayar ƙura a babban gilashi ɗigo ɗaya take bari. A siririn gilashin tire kuwa, tunda takarda ce ke wucewa ta kanta, layi take ja daga sama har ƙasa a kowane shafi. Mutane kan ɗauka injin ne ya lalace, alhali tsumma mai laushi ya isa. Da hunturu kullum safe a goge.

Gilashi jinkiri gare shi, ɗaga murfi, ajiye, danna, juya, amma ba ya taɓa lafiyar takarda. Nan ne wurin duk abin da in ya yage ba a samun wani: takardar shaidar WAEC ko ta digiri, takardar haihuwa, wasiƙar ɗaukar aiki ta asali. Haka wadda aka liƙe da leda, da fom mai hoton fasfo a manne, da kwafin kabon mai shara-shara, da ɗan rasit, da wadda gara ta ci gefenta, da wadda aka ɗinke da salatif, don ƙaron salatif yana ɓata tayoyi. In takarda siririya ce har rubutun baya yana leƙowa, ɗora baƙar takarda a bayanta kafin ka rufe murfi.

Wuri ɗaya tire ya fi gilashi ko a tsofaffin takardu, shi ne fulsikaf. A4 tsawonsa milimita 297 ne, fulsikaf kuwa 330, saboda haka a gilashin ƙaramin inji ƙasan takardar, inda sa hannu da hatimi suke, shi ke yankewa. Tire yakan karɓi doguwar takarda in ka zaɓi girmanta a saiti. In ta tsufa da yawa, nemi inji mai gilashin A3.

A duka biyun ka sa dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, a kan 300, kuma ka zaɓi launin toka maimakon baƙi da fari zalla, don baƙi da fari yana cinye hatimin da ya koɗe da rubutun biro. In aka ɗauke wuta takarda tana ciki, kada ka ja ta ta baki; buɗe murfin tiren ka zaro ta a hankali. Duk takardar da ka ware don gilashi, ka bar 'yar alama a gurbinta cikin fayil, amma ka cire alamar kafin zubi, sannan ka haɗa shafukan a kwamfuta bisa jerinsu na asali.