Garajin da ya gyara mini giya a Tahoua

Motona, wato babur ɗina, tsoho ne, 125 ɗan China, irin wanda aka kwaikwayi injinsa daga Honda CG125. Da safe lafiya lau yake shiga giya. Amma da inji ya ɗauki zafi, sai in matse kuloci har ƙarshe moto na ta jan jiki gaba, giya ta ɗaya ta shiga da ƙara "kas", firi kuwa, wato inda moto ba ya cikin kowace giya, sai na kashe inji kafin in same shi. Wani ɗan kabu-kabu ne ya tura ni wani garaji da ke bakin hanyar Ƙonni.

Abin da ya burge ni, mai garajin bai yi saurin ɗauko sifana ya buɗe inji ba. Hannun kuloci ya fara taɓawa, ya ce wasan ya yi yawa, bai kamata ya wuce milimita 10 zuwa 20 a bakin hannun ba. Ya zare wayar kulocin, sai ga ta ta fara tsintsinkewa daga ciki, ƙurar Adar ta cakuɗe da giris ta zama laka. Ya ɗaure sarƙa, sannan ya juye baƙin mai a kwano ya murza da yatsa.

"Malam, man mota kake zuba masa?"

Ya ce kulocin irin wannan moto a cikin man inji yake kwance, shi ya sa wasu mayukan mota masu yawan santsi ke sa shi zamewa. A duba galan, in an ga JASO MA a jiki, na moto ne.

Da sabuwar waya ba ta kawar da matsalar duka ba, sai ya cire murfin inji na dama, inda kuloci yake. Ya ɗora farantan ƙarfe na cikin kulocin ɗaya bayan ɗaya a kan gilashi, biyu suna rawa, zafi ya lanƙwasa su. Kwandon kulocin ma farantai sun ci shi, sun yi masa tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto, nan suke maƙalewa su ƙi rabuwa. Ya goge da magagari, ya ce gyaran na ɗan lokaci ne, in ya sake ci sai dai sabo.

Inda na ga kasawarsa alƙawari ne. In ya ce bayan azahar, ka zo bayan la'asar. Yaransa kuma sun bar mini mai a jikin tanki. Kayan gyara shi ba ya sayarwa, kai za ka shiga kasuwa, kuma akwai mai araha da mai tsada; ya ce in ɗauki mai tsadar a farantai, in yi tsimi a waya.

Yanzu firi na samuwa ko inji na da zafi. Giya ta biyu dai tana ficewa jefi-jefi idan na ɗauki kaya. Ya faɗa mini gaskiya, wannan daga haƙoran giya ne ko cokalin da ke tura ta, sai an raba inji biyu, kuma kuɗin zai fi na aikin da ya yi nesa ba kusa ba. Na bar wannan sai bayan kaka.