Makarantar koyon tonon kufai a ƙasar Katsina: sharhi kan yadda aka rufe aikin bana

Wannan sharhi ne a kan makarantar koyon tonon kayan tarihi da wasu malaman ilimin kufai suka shirya da ranin bana a wani tsohon mazauni da ke kudancin ƙasar Katsina, wadda aka buɗe ta ga ɗaliban jami'a da kuma na waje irina, malamin tarihi a makarantar sakandare. Zan fi mayar da hankali ga makon ƙarshe, domin a nan ne ake gane ko kuɗin da mutum ya biya sun yi amfani. Kowa yana iya koya wa ɗalibi riƙe cokalin magini da kankare ƙasa a hankali, amma tono aiki ne da yake rusa abin da yake bincika, kuma ramin da aka tona ba a sake tona shi yadda yake. Abin da aka rubuta, aka zana, aka adana kafin a mayar da ƙasa, shi kaɗai ne zai rage wa na baya.

Tun farko shugaban tonon ya nuna mana takardar izini daga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa alhakin ba da izinin irin wannan aiki a Nijeriya. Na yaba da haka, domin ɗalibi ya kamata ya san bambancin mai bincike da mai haƙa don sayarwa tun daga takarda, musamman idan aka tuna irin ɓarnar da masu neman gumakan Nok suka yi wa kufai masu yawa a kudancin Kaduna.

Da makon rufewa ya kama, sai aka hana buɗe sabon rami, duk da cewa a ɗaya daga cikin ramukan mun fara cin karo da kashin maƙera mai yawa, alamar an taɓa narka tama a kusa. Wasu ɗalibai sun so a faɗaɗa wurin, amma malamai suka ƙi, suka ce kwanakin da suka rage ba za su isa a rubuta abin da za a fito da shi ba. A ganina wannan shi ne hukunci mafi kyau da aka yanke a duk zamanmu. An ci gaba da zurfafa ramukan da ke buɗe har aka kai ga jar marmara wadda hannun mutum bai taɓa ba, sannan aka ƙara ɗan tono a kusurwa guda don a tabbatar babu wani zaman mutane a ƙarƙashinta.

Zanen bangon rami shi ne darasin da ya fi ɗaukar lokaci, kuma a nan makarantar ta yi fice. An share kowane bango da cokali har hawa-hawan ƙasar suka fito fili: baƙar ƙasar noma a sama, toka da tsingaro a tsakiya, wani daɓe mai tauri da ake zaton ɗaki ne, sai marmara a ƙasa. Aka ɗaura zare a miƙe tsakanin ƙusoshi biyu, aka daidaita shi da ma'auni, kowane ɗalibi ya riƙa aunawa daga zaren zuwa iyakar kowane hawa yana saukarwa a takarda, santimita ɗaya a madadin goma. Launin ƙasa kuwa ba a bar shi ga idon kowa ba, da littafin launuka na Munsell ake kwatanta shi a rubuta lambarsa. Malamar da ta kula da rukuninmu ba ta karɓar zane sai ta shiga ramin da kanta ta gwada, kuma idan ɗalibi ya ja layi inda babu shi a bango, sai ta ce, "Malam, ka zana abin da ƙasa ta nuna maka, ba abin da kake so ta nuna ba." Hotuna kuma da sassafe ake ɗaukarsu, kafin rana ta raba bangon gida biyu da inuwa, tare da sandar awo da kibiyar da ke nuna arewa.

Gawayin da za a aika don gano shekaru an ɗebe shi da cokali mai tsabta, an naɗe a takardar alminiyam, an rubuta hawan da ya fito. An yi mana bayani mai gamsarwa cewa sinadarin kabon 14 da ke jikin itace yana raguwa da rabi duk bayan shekara kusan 5,730 daga mutuwar itacen, da haka ake gane shekarun gawayi da na hawan da aka same shi a ciki, saboda haka gawayin da ba a san daga wane hawa ya fito ba, ko an auna shi, bai gaya wa kowa komai ba.

Inda aikin ya yi rauni shi ne wajen kayan da aka tono. Wankin tsingaro ya taru har ranar jajiberin tashi, ruwa ya yi ƙaranci, aka zuba wasu a leda ba su gama bushewa ba, alhali danshi yana cinye takardar shaidar da ke ciki. Ledojin ma sirara ne, kuma alƙalamin rubutu a kansu ya ƙare tun kafin a gama. Ƙananan kaya irin su gululun mazari da duwatsun ado an ba su lamba ɗaya bayan ɗaya yadda ya dace, amma da na tambayi ɗakin da za a ajiye akwatunan da wanda zai riƙe rajistarsu, amsar da na samu ba ta fito sarai ba. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin ƙasar Katsina ta riga ta ga sakamakon irin haka. A 1907 wani Baturen mulkin mallaka mai suna Palmer ya tona wasu daga cikin tuddan tsofaffin kaburbura na Durɓi ta Kusheyi a yankin Mani, amma kayan da ya fitar sun ɓace, sai ɗan abin da ya rubuta. Kayan da aka tono a wurin a 1992 kuwa, da yake an adana su har aka gyara su a birnin Mainz na Jamus, su ne masana suke dogara da su a yau wajen bayanin sarautar farko a Katsina da cinikinta da ƙasashen nesa.

Mayar da ƙasa an yi shi da tsari. An shimfiɗa tamfol a gindin kowane rami da jikin bangonsa domin wanda zai dawo ya san inda aka tsaya, aka fara zuba duwatsu da jar ƙasa da shebur da baro, ana dannewa hawa bayan hawa, sannan aka rufe da baƙar ƙasar da aka ware gefe tun ranar farko, don kada a lalata wa mai gona shukarsa. An ɗan tada tudu a kan kowane rami saboda ƙasa za ta zauna idan ruwan farko ya sauka.

Kafin a tashi, shugaban tonon ya gayyaci dagaci da dattawa da ɗaliban firamaren garin, aka baje kayan a tabarma. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da muka samu a ƙasarku, kuma ga inda muka tsaya." Wani dattijo ya ɗauki wani tsingaro mai zanen igiya ya bayyana yadda masu ginin tukwane suke mirgina murɗaɗɗen zare a jikin ɗanyen yumɓu, aka rubuta bayaninsa a littafin aiki. Leburorin garin da suka yi aikin diga da rairaya an biya su a gaban dagaci.

Kuɗin shiga sun haɗa da abinci da makwanci da mota, kuma ban ga tsada a ciki ba, sai dai ruwan sha yana bukatar gyara. Wanda yake son koyon awo da zane da rubuta bayanan rami zai samu biyan bukata a nan fiye da abin da aji zai ba shi. Amma kafin ya biya, ina ba shi shawara ya tambayi masu shiryawa rahoton tonon bara, ya ga ko an rubuta shi, ya kuma tambayi ko an kai kwafinsa ga hukumar gidajen tarihi da fadar hakimin yankin.